Yadda Ake Haɗa Katin Rataye na Kirsimeti Mai Kama da Na Zamanin Da

Tambaya: Ina sana'ar naɗe kyaututtuka a lokacin Kirsimeti, kuma bana ina so in riƙa haɗa ƙananan katunan da ake ratayawa a jikin kyauta da hannuna, irin masu kama da na zamanin da. Na jiƙa farin kwali a ruwan shayi kamar yadda aka ba ni shawara, amma sai ya lanƙwashe, rubutun da na buga ya zube, kuma maimakon ya yi kama da tsohon abu sai ya yi kama da abin da ya yi datti. Ina matsalar take, kuma yaya zan yi aikin ya fito da kyau?

Amsa: 'Yar'uwa, lanƙwashewar kwali da zubewar rubutu matsaloli ne na hannu, kuma kowannensu yana da magani mai sauƙi wanda zan bayyana miki. Kamannin datti shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin yana tasowa ne daga yadda aka fahimci aikin tun farko. Mafi yawan masu fara wannan sana'a suna ɗauka cewa tsufa wani launi ne da ake shafawa a kan takarda, alhali kuwa abin da ke sa ido ya yarda cewa kati na da ne shi ne irin takardar da aka yi shi da ita, da siffar da aka yanka shi, da launukan da maɗaba'un wancan zamani suke amfani da su, sannan daga ƙarshe alamun da hannu da haske suka bari a jikinsa. Ruwan shayi yana taimakawa ne a kan wannan na ƙarshen kaɗai, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikinsu. Saboda haka ya kamata ki fara sanin abin da kike kwaikwayo.

Siffar katin, wato dogon kwali mai yankakkun kusurwoyi biyu a sama da huji a tsakani, ta samo asali ne daga katin da 'yan kasuwa suke ɗaurawa a jikin kayan da za a aika ta jirgin ƙasa ko na ruwa a ƙarni na 19. Damuwarsu a lokacin ita ce igiya tana yaga hujin, katin ya faɗi, kaya su rasa mai su. A 1863 kamfanin Dennison na jihar Masachusets a Amurka ya yi rajistar dabarar manna ɗan zoben takarda mai ƙarfi a kewayen hujin, kuma wannan zoben ne har yau yake sa kati ya yi kama da na da tun kafin a ɗora masa wani ado. Irin takardar da aka saba yin waɗannan katuna da ita, mai launin ƙasa-ƙasa mai haske, da farko ana sarrafa ta ne daga tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa waɗanda aka tufka da zaren wani tsiro dangin ayaba na ƙasar Filifin. Ma'anar wannan a gare ki ita ce launin yana cikin jikin takardar ne gaba ɗaya, ciki da waje, shi ya sa farin kwalin da aka rina daga baya ba ya taɓa cim masa.

Adon kuma ya zo ne daga katin gaisuwa. A 1843 wani ɗan Ingila mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti a Landan, aka buga guda 1,000, aka sayar da waɗanda bai yi amfani da su ba a kan sule ɗaya kowanne. Abin da ya yaɗa al'adar daga baya shi ne bugun dutse mai launuka, inda ake zana kowane launi a kan nasa dutsen a buga su ɗaya bisa ɗaya, kuma a wannan aikin ana shafa ƙaro, irin wanda muka sani a Borno da Yobe da Chadi da Sudan, a wuraren da ba a so tawada ta kama. Louis Prang, wanda ya yi ƙaura daga Jamus ya kafa maɗaba'a a Boston, ya fara sayar da katunansa a Amurka a 1875, kuma wani hoton nasa yakan ci duwatsu ashirin ko fiye. A daidai wannan zamani maɗaba'un Jamus suna fitar da ƙananan hotuna masu sheƙi, waɗanda inji ya yanke su ya kuma ɗaga zanensu ya yi tudu, na mala'iku da furanni da tsuntsaye da yara, mata da yara suna saye suna mannawa a littattafan ajiya da katuna. A yankin Dresden na Jamus kuma ana matsa kwali mai rufin ruwan zinariya ko azurfa a fitar da taurari da ƙawatattun layukan gefe. A farkon ƙarni na 20 ne siffar katin kaya da wannan ado suka haɗu, kamfanoni irin su Dennison suka shiga sayar da katin rataye na Kirsimeti. A lokacin ana naɗe kyauta ne da takarda marar zane, fara ko ja ko kore ko mai ruwan ƙasa, domin takardar naɗi mai zane ta bazu ne bayan 1917, shekarar da wasu 'yan'uwa a Amurka, masu kamfanin katunan gaisuwa da ya zama Hallmark, suka sayar da takardar cikin ambulan mai zane ta Faransa a matsayin ta naɗi bayan tasu ta ƙare. Wannan yana da amfani a sana'arki kai tsaye: katin irin na da an yi shi ne don ya zauna a kan naɗi marar hayaniya, kuma idan kika rataya shi a kan takarda mai ƙyalƙyali da zane-zane za ta haɗiye shi.

Ki kuma yanke shawara a kan zamanin da kike nufi, domin na da ba iri ɗaya ba ne. Na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, launukansa ja mai duhu ne da kore mai duhu da ruwan madara da zinariya wadda ta dusashe. Na Amurka a shekarun 1950 kuwa ruwan hoda ne da shuɗi mai haske da azurfa, a kan farar takarda mai tsabta wadda ba ta buƙatar shayi ko kaɗan. Tunda kin fara da shayi, na ɗauka na farkon kike so, kuma a kansa zan yi bayani.

Ki nemi kwali mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita. Masu sayar da takarda da masu shagon ɗab'i sun san wannan ma'auni, kuma domin ki kwatanta, takardar da ake fotokwafi da ita giram 80 ce. A ganina babu abin da ya kai tsohon fayil na ofis mai ruwan ƙasa-ƙasa dacewa da wannan aiki, domin shi ne jikan waccan takardar katin kaya, yana da ƙarfi, kuma yana karɓar tawada. Kwali mai ruwan madara shi ne na biyu, sannan takarda mai kauri irin ta babban ambulan, idan aka manna ta ninki biyu. Abin da za ki guje masa shi ne kwali mai santsi da sheƙi, kuma ina kyautata zaton irinsa kika jiƙa. Irin wannan kwali an shafe fuskarsa da wani rufi wanda ba ya barin ruwa ya shiga, saboda haka shayin yakan taru a sama, ya bushe ya bar zobba-zobba masu duhun baki, waɗanda ido yake fassarawa da datti. Gwajin ba shi da wuya: ki ɗiga ruwa a kusurwar kwalin, idan ɗigon ya tsaya a dunƙule bai shiga ba, to wannan kwalin ba na rini ba ne.

Lanƙwashewa kuma tana da alaƙa da yadda inji yake jera zaren takarda ta fuska ɗaya. Idan takarda ta sha ruwa zaren yana kumbura ta faɗinsa, kuma idan fuska ɗaya ta fi ɗaya jiƙa sai takardar ta naɗe. Ki ɗan lanƙwasa kwalin a hankali ta tsawo, sannan ta faɗi. Ta inda ya fi saurin lanƙwasuwa, layin lanƙwasar yana bin zaren ne, kuma tsawon katinki ya kamata ya bi wannan layi. Katin da aka yanka haka yakan rataya a miƙe.

Game da rinin kansa, ki zuba ƙullin ganyen shayi uku ko huɗu a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa, ki bar shi kamar minti goma, sannan ya huce, ba madara ba sukari, domin su ne ke kiran tururuwa da wari. Kada ki tsoma kwali a ciki. Ki shimfiɗa shi gaba ɗayansa tun kafin ki yanka, ki shafa shayin da faffaɗan buroshi ko soso wanda kika matse, ki juya ki shafa ɗaya fuskar nan take domin su jiƙa daidai, sannan ki tsane abin da ya taru da tsumma mai tsabta. Shafa biyu marasa ƙarfi sun fi shafa ɗaya mai duhu. Idan ya kusa bushewa, yana da ɗan sanyi-sanyi a hannu, ki sa shi tsakanin fararen takardu ki ɗora littattafai masu nauyi ya kwana, ko ki goge shi da dutsen guga marar zafi sosai ta saman wani ƙyalle. Gahawa tana ba da launi mai duhu fiye da shayi, goro da aka daka aka tace yana ba da mai ja-ja, bagaruwa kuma, wadda majema suke jima da ita saboda yawan sinadarin tanin da ke cikinta, tana ba da ruwan ƙasa mai sanyi wanda nake so ƙwarai, sai dai kada ki jiƙa ta a kwano mai tsatsa, domin tanin idan ya haɗu da ƙarfe baƙi yake komawa. Zoɓo yana da ban sha'awa a kofi amma a kan takarda yakan juya zuwa toka-toka kuma ba ya jure haske, don haka ki bar shi.

Yanzu sai wurin da tsufa yake zama, wanda shi ne asirin sa launi. Tsohuwar takarda tana yin ruwan ƙasa ne saboda sinadarin liginin da ke cikin zaren itace yana sauyawa idan iska da haske suka daɗe suna taɓa shi, kuma gefuna ne suka fi haɗuwa da su, haka nan gefuna da kusurwoyi ne yatsu suka fi kamawa. Idan kika buɗe tsohon littafi za ki ga tsakiyar shafin tana da haske, duhun yana ƙaruwa a hankali zuwa baki. Wannan za ki kwaikwaya. Bayan kin yanka katin, ki ɗora shi a kan takardar banza, ki ɗebi tawadar hatimi mai ruwan ƙasa da ɗan soso, ki fara murzawa a kan takardar banzar, ki shigo bakin katin da zagaye-zagaye, ta yadda ƙarfin tawadar zai ƙare kafin ki kai santimita ɗaya ciki. Idan babu irin wannan tawada, ki kankare fensir mai ruwan ƙasa ya zama gari ki shafa da auduga. Man takalmi yana ba da launi mai kyau, amma maiƙonsa yana hana rubutu kamawa kuma yana iya ɓata kyautar, saboda haka ban cika son a yi amfani da shi ba. Ki ɗan gurza kusurwoyin ƙasa da samfefa mai laushi kafin ki sa launi domin su yi taushi kamar waɗanda aka daɗe ana riƙewa. Ɗigo-ɗigon nan masu ruwan tsatsa da ake gani a tsofaffin takardu, waɗanda danshi da ɓurɓushin ƙarfe da funfuna suke haddasawa, ana samun kamarsu ta hanyar yayyafa 'yan ƙwayoyin garin Nescafé a kan takarda mai ɗan danshi, amma uku ko huɗu a gefe ɗaya sun isa. Ina roƙonki kada ki ƙona bakin kati da ashana. Katunan da mutane suka adana shekara ɗari an adana su ne domin ana son su, a cikin akwati ko littafi, kuma wuta ba ta taɓa su ba. Ƙonannen baki yana ɓata duk sauran ƙoƙarin da aka yi.

Zubewar rubutunki ta faru ne saboda kin buga shi da firinta mai tawadar ruwa kafin ki jiƙa. Injin fotokwafi da firinta mai garin tawada suna narka garin ne da zafi ya manne a takarda, shi ya sa ruwa ba ya motsa shi, ko da yake dutsen guga yana iya sake narka shi idan ya taɓa shi kai tsaye. Tsarin da ya fi aminci shi ne a rina, a busar, a matse, sannan a buga ko a rubuta. Akwai kuma wata matsala da za ki iya gamuwa da ita idan kika zo rubutun hannu: ruwa yana wanke sinadarin da ke toshe ƙofofin takarda, sai tawada ta riƙa bazuwa kamar gashi a gefen haruffa. Masu yin takarda a ƙasashen Musulmi tun da daɗewa suna magance wannan ta hanyar shafa sitaci su goge shi da dutse mai santsi, kuma ke ma za ki iya shafa ruwan sitaci tsararo ƙwarai a wurin rubutu, ki bari ya bushe, ki goge da bayan cokali. Ɗan ƙaro kaɗan a cikin tawadar, kamar yadda masu haɗa tawadar allo suke yi, shi ma yana riƙe ta. Ki yi rubutun da tawada mai ruwan ƙasa mai duhu maimakon baƙa wuluk, domin tawadar da aka fi rubutu da ita a Turai a ƙarni na 19, wadda ake haɗawa da tanin da ƙarfe, ruwan ƙasa take komawa idan ta tsufa. Alƙalami mai bakin ƙarfe ko ma na kara yana ba da layi mai kauri da siranta wanda biro ba ya iya bayarwa.

Girman da na fi ganin ya dace da yawancin kyaututtuka shi ne santimita 12 a tsawo da 6 a faɗi, wanda ya yi daidai da ɗaya daga cikin ma'aunan katin kaya da aka saba. Babba mai 16 da 8 ya dace da manyan akwatuna. Ki yanka da reza da rula ta ƙarfe a kan wani kwali mai kauri, domin almakashi ba ya ba da miƙaƙƙen layi a irin wannan nauyi. Idan kika yanke kusurwar sama ta farko, ki ɗauki guntun da ya fita ki juya shi ki ɗora a ɗaya kusurwar ki bi bakinsa, ta haka biyun za su zo daidai ba tare da awo ba. Ki yanka zobba biyu masu faɗin kusan santimita ɗaya da rabi daga takarda mai ƙarfi wadda ta fi katin duhu, ki manna ɗaya gaba ɗaya baya, ki jira gam ya bushe sarai, sannan ki huda duka ukun lokaci ɗaya da abin huda takarda na ofis, kamar santimita ɗaya da ɗan wani abu daga bakin sama. Idan kyautar mai nauyi ce ko za ta yi tafiya, masu gyaran takalma za su iya buga miki ɗan zoben ƙarfe irin na hujin igiyar takalmi, kuma mai launin tagulla ya fi dacewa da mai farin ƙarfe.

Wajen ado, kati ƙarami ne kuma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Abin da yake buƙata shi ne shimfiɗa ta baya, da hoto guda wanda ido zai sauka a kansa, da ɗan rubutu, da abin ado ɗaya idan wuri ya rage. Shimfiɗar tana iya zama takarda mai alamomin kiɗa, ko tsohon rubutun hannu, ko shafin tsohuwar jarida, kuma a kullum kwafinsu za ki yi, kada a yanka littafin addini ko na waƙoƙin sujada saboda ado. Ki yage ta da hannu maimakon yanka. Idan kika ja layi da jiƙaƙƙen buroshi kika yaga ta kansa, bakin zai fito da laushi kuma ya bi inda kike so. Kada ta rufe katin duka, ki bar launin kwalin ya leƙo ta kewaye. Hoton kuma ki yanke shi daf da zanensa da ƙaramin almakashi, kina juya takardar, hannun da ke riƙe da almakashin yana tsaye wuri ɗaya, sannan ki bi farin bakin da yankan ya bari da fensir mai ruwan ƙasa. Wannan ɗan aikin na minti ɗaya shi ne yake raba katin da ya yi kama da na Jamus da wanda kowa zai gane daga firinta ya fito. Ki sauko da hoton ƙasa da tsakiya kaɗan, tunda huji da zare sun riga sun cika sama, kuma ki sa ƙananan guntayen kwali a ƙarƙashinsa domin ya ɗago ya yi inuwa.

Tsofaffin hotunan ana samunsu a intanet, domin manyan ɗakunan karatu irin na jama'a na birnin New York sun sa tarin katunan bukukuwa na da a shafukansu. Tunda sayarwa za ki yi, ki duba sharaɗin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane hoto kafin ki ɗauka. Ki buga su a kan takarda mai ruwan madara marar sheƙi, ki ɗan rage ƙarfin launin. Za ki ga wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ya cika katunan Ingila, kuma ana danganta hakan da jajayen rigunan da masu raba wasiƙu suke sawa a lokacin. Za ki kuma ga Baba Kirsimeti cikin riga kore ko shuɗiya ko mai ruwan ƙasa, domin jar rigar ba ta kore sauran ba sai a ƙarni na 20, kuma irin wannan hoton yana nuna tsufa fiye da kowane rini. Amma ra'ayina shi ne, mai sayen kyauta a Jos ko Kaduna ko Wusasa ba ya buƙatar dusar ƙanƙara kafin ya ji Kirsimeti. Tauraro, ƙararrawa, kyandir, mala'iku, makiyaya da komin dabbobi duk suna cikin tsofaffin katuna, kuma sun fi kusa da abin da ake tunawa a ranar. Kwafin tsohon kan sarki na Najeriya da aka manna a kusurwa, aka buga masa zagayen hatimi rabinsa a kai rabinsa a kan kwali, yana ba katin tarihi wanda mai karɓa zai gane nasa ne. Rubutun Hausa, Barka da Kirsimeti, a kan siririyar takarda mai yankakken baki kamar wutsiyar kifi, ya fi mini kyau a kan irin wannan kati fiye da na wani harshe.

Zane mai tudu ba ya buƙatar inji. Ki yanke siffar tauraro ko ƙararrawa a cikin kwali mai kauri, ki kifa takardarki a kan ramin, ki bi gefensa daga baya da biron da tawadarsa ta ƙare, kina dannawa a hankali, kuma idan kika shafa ɗan kyandir a bayan takardar biron zai zame ba tare da ya yaga ta ba. Ta wannan hanya ce kuma za ki kwaikwayi adon Dresden da takardar zinariya irin ta naɗin alewa: ki manna ta a kan siririn kwali, ki ɗaga zanen, ki shafa ɗan launin ruwan ƙasa ki goge, ya rage a cikin ramukan kawai. Ƙyalƙyalin da ake amfani da shi a da garin gilashi ne mai rufin azurfa wanda yake dusashewa da kansa, amma yana yanka, saboda haka bai kamata ya kusanci yara ko kyautar abinci ba. Na roba da ake samu a kasuwa ya wadatar idan kika zaɓi mai laushin gari, fari ko ruwan zinariya mai duhu, kika sa gam da tsinke a wurare kaɗan kamar bakin fiffiken mala'ika ko tsinin tauraro. Guntun tsohon leshi, ko maɓallin riga guda da aka ɗinka da zare, yana iya maye gurbinsa. Idan kina son hatimin jan kaki, kakin kyandir zalla yana farfashewa. Gam ɗin da ake narkawa da na'ura, idan aka haɗa shi da ɗan jan fensirin kaki na yara, ya fi jure tafiya, kuma ki yi shi a kan faranti ya huce kafin ki manna.

Farin gam irin na kafintoci shi ne ya fi dacewa da kusan komai a nan, amma a shafa shi siriri da buroshi ko guntun kwali har zuwa baki, domin yawansa ne ke sa takarda ta kumbura ta yamutse. Ki tuna cewa wannan aikin yana faɗowa ne a cikin hunturu, lokacin da iska take bushe gam kafin mutum ya gama daidaita hoto, kuma take naɗe duk takardar da aka bari a fili. Ki jera komai a kan katin ba gam har sai kin gamsu, sannan ki manna ɗaya bayan ɗaya ba ɓata lokaci. Idan kin manna shimfiɗa a gaba, ki manna siririyar takarda a baya domin jan ya daidaita. Wannan ta bayan, idan ta kasance mai ruwan madara wadda ba a rina ba, ita ce wurin rubuta Daga da Zuwa ga, kuma dole ne a bar mata fili isasshe, domin kati da ba shi da wurin suna bai yi aikin da aka yi shi dominsa ba. Ki danne katunan su kwana kafin ki sa abubuwa masu tudu.

Zaren rataya ya zama na auduga ko siririyar igiyar rama, ko farin zare da ja da kika murɗa tare, ko kintinkiri marar sheƙi wanda aka ɗan tsoma a ragowar shayin. Na roba mai walƙiya yana tona asirin katin nan take. Ki yanka kamar santimita 30, ki ninka biyu, ki tura madaukin ta hujin, ki zaro bakunan biyu ta cikinsa ki ja a hankali, sannan ki gwada ƙarfin zoben da ɗan fizga kafin katin ya bar hannunki.

Tunda da yawa za ki yi, kada ki gama ɗaya sannan ki fara wani. Ki ware rana don rini da matsewa, wata don yanka da huji, wata don launin gefe, wata don manne-manne, kuma ki haɗa samfuri guda ki ajiye a gabanki domin sauran su bi launinsa. Shayi da gahawa suna ƙara wa takarda tsami, saboda haka idan kyautar hoto ce ko takarda mai daraja, katin ya tsaya a wajen naɗi kada ya kwanta a jikinta. Waɗanda kika gama ki jera su a cikin gwangwani mai murfi da farar takarda a tsakaninsu domin ƙurar hunturu da hasken rana, kuma ki fara rinin tun cikin Nuwamba, saboda kwalin da bai bushe har ciki ba yakan lanƙwashe bayan an riga an rataya shi.